Barcin da Na Yi Daura da Rabig

Sunana Sabi'u, mutumin Bichi ne ni. Karatuna bai wuce firamare da izu biyar na allo ba, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Akwai abin da na yi wa wani dattijo a kan ruwa. Na gaya masa, na gaya wa Ubangijina, amma har yau abin bai gama sauka daga ƙirjina ba, shi ne na ce bari in gaya wa takarda ma.

Wanda ya yi mini hanyar zuwa Makka ya ce kanti ne a kusa da Harami, zan riƙa sayar da darduma da carbi, ina jin kiran salla ina shiga sahu. Da na sauka babu kanti, babu mai kanti, lambar da ya ba ni kuma ba ta shiga. Kwana uku ina yawo a unguwar Misfala da jaka a kafaɗa, har ƙanshin miyar kuka ya ja ni cikin wani lungu. A nan na samu Hajiya Zulai, mai dafa wa mutanenmu tuwo. A Makka aka haife ta, kakarta ce ta zo a ƙafa daga ƙasar Katsina, ita kuwa ba ta taɓa ganin Najeriya ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ya waladi, ɗana, an cuce ka ko? Halas, shi ke nan, ajiye jakar. Ga tukwane can."

Wata bakwai na yi ina wanke tukwanenta ina kwana a soron gidan. Daga inda nake kankarar ƙanzo ina jin liman a Harami. Da farko ba na bari salla ta wuce ni a can. Daga baya na fara cewa gobe, ai ga shi nan kusa, ba inda za shi. Idan Innata ta kira daga gida ta ce, "Ka sa mu a addu'a a gaban Ɗaki," sai in ce kullum ina yi.

Wani ɗan'uwan Hajiya ne ya gyara mini takardar zama, ya kuma samo mini aiki a Jidda, a jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido. Jirgin yana tashi daga Jidda ya bi gaɓar Bahar Maliya ya yi arewa, yana tsayawa a tsibirai, ya kai Yanbu, sannan ya juyo. Kwana biyar a kan ruwa, kwana biyu a tudu. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Satin farko amai na yi ta yi har wani abu mai ɗaci yana fitowa. Aikina gyaran ɗakuna: cire zanin gado, shimfiɗa wani, wanke bayi, naɗe tawul ya yi siffar tsuntsu, don haka baƙi suke so. Ɗaki goma sha shida ne nawa. Mu ma'aikata a can ƙasa muke kwana, kusa da inji, inda babu taga, gadon yana rawa kamar an ɗora shi a bayan babbar mota. Idan aka tsaya a tsibiri, baƙi su shiga ƙananan kwale-kwale su tafi nutso su kalli murjani, mu kuma a lokacin aikinmu yake ninkuwa, don sai an gama ɗakunan kafin su dawo da yashi a ƙafa. Wata tara na yi ina zagaya tsibiran nan, ban taka ko ɗaya ba. Ta tagar ɗakin baƙi nake ganinsu, farin yashi da ruwa shuɗi, ina riƙe da burushin wanke bayi. Abin da na fi kewa a lokacin shi ne ƙasa wadda ba ta motsi, da ƙanshin yayyafin farko a gonar babana.

A nan laifina na farko ya samo asali. Ma'aikatan jirgin daga ko'ina suke, da Indiyawa da Misirawa da 'yan Filifin. Da suka ji a Makka nake zaune, sai Musulmin cikinsu suka fara ce mini Shehi. Da wasa suka fara, ni kuma na karɓa da gaske. Mai wanke bayi ne ni, amma ga mutane suna tambayata hukuncin salla a kan ruwa, da yadda ake gane alƙibla idan jirgi yana juyawa. Ban taɓa cewa ban sani ba. Abin da ya zo bakina shi nake faɗa, in haɗa da Larabci biyu uku da na tsinta a Misfala. Ni kaina kuwa sau da yawa sai in haɗa sallolin yini in yi su a tsaye a gurguje. Kwana biyun hutu idan na koma Makka, barci nake yi a soron Hajiya har su ƙare. Mutum ɗaya ne bai taɓa ce mini Shehi ba, wani dattijon Basudane mai suna Siddiƙ, mai kula da igiyoyi da anga, ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi. Shi ne ya ba ni citta in riƙa taunawa lokacin da nake amai, kuma idan ya ji ina fatawa sai ya juya kai yana kallon ruwa.

Wata ranar Litinin da safe a tashar Yanbu, ina tsaye a bakin matakala ina karɓar jakunkuna, na ji wata mata tana cewa, "Baba, a hankali, riƙe ƙarfen." Na ɗaga kai na ce, "Sannunku da zuwa." Matar ta yi tsaye kamar an kira sunanta. Ma'aikaciyar jinya ce a garin, mahaifinta ya zo daga Yawuri ya yi wata guda a wurinta. Ba ta samu hutun raka shi ba, sai ranar Juma'a za ta bi shi Makka a mota. Ta ce, "Ɗan'uwa, Allah ne ya haɗa mu. Ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci. Amana ce na ba ka." Wani Bamisire da ke wucewa ya dafa kafaɗata ya ce Shehi, dattijon ya ji, daga nan ya fara ce mini Malam. Ban gyara masa ba.

Sunansa Alhaji Manu. Dogo ne, siriri, hannuwansa duk kanta, masunci ne tun yana yaro. Jakarsa ɗaya ce da wata leda da ba ya saki. Da jirgi ya fita cikin teku ya tsaya a wani tsibiri, sai ya sa na samo masa ruwan tekun a kofi. Ya kurɓa, ya furzar, ya ce, "Wa ya ɓata ruwa mai yawa haka?" Ya daɗe yana kallon baƙi suna iyo da tabarau a fuska da bututu a baki.

"Malam, mi suke nema?"

"Kifi suke kallo, Baba."

"In sun gani fa?"

"Shi ke nan. Su ɗauki hoto su fito."

"Su bar shi nan?" Ya girgiza kai. "Wagga duniya. Mu shekara sittin muna bin kifi shina gudu, ga waɗanda kifi ke zuwa gare su suna gaisawa."

Da la'asar na kai masa shayi, ya buɗe ledar ya nuna mini. Zannuwan ihrami ne guda biyu, sababbi. Ya ce shi ba yawo ya kawo shi jirgin ba. Mahaifinsa ya zo hajji ta hanyar Sudan a zamanin da, ya tsallaka wannan tekun a jirgin katako. Ya sha ba su labarin yadda mai jirgi ya buga ƙarfe a tsakiyar ruwa ya ce an zo daura da miƙati, wato iyakar da mai nufin Makka don ibada ba ya wuce ta sai da ihrami, sai jirgin gaba ɗaya ya ɗauki Labbaika a kan ruwa. Matar Alhaji Manu ta fi kowa son labarin. 'Yar masunta ce ita ma. Ta riƙa cewa ita in Allah ya kira ta, a kan ruwa take so ta amsa. Shi ya zo hajji shekarun baya shi kaɗai, ya ce mata saura nata. Bara ta rasu.

"Umrar ta uwar 'ya'yana ce," in ji shi. Bai faɗi sunanta ba, irin mutanen da ne. "Ɗiyata ta ce in hau mota. Na ce a'a. An gaya mani in jirgi ya zo daura da wani gari Rabig, nan ne wurin. Amma wanga jirgi naku kiɗa kawai nake ji, ban ga mai buga ƙarfe ba. Kai za ka zama mai ƙarfena. Zan yi wanka in zauna in jira ka. In ka ce yanzu ne, in ɗaura."

Na ce, "Baba, wannan ai ƙaramin abu ne. Mu 'yan Makka aikinmu ne."

Ban ma san inda Rabig take ba. Siddiƙ na tambaya. Ya je ya tambayi na ɗakin tuƙi, ya dawo ya ce gobe Talata wajen ƙarfe biyu na rana. Ya ce, "Ka gaya masa ya ɗaura tun ƙarfe ɗaya. Yin wuri ba ya ɓata komai, makara ce matsala." Da na kai wa dattijon wannan magana tun a lokacin, da babu labarin nan. Amma na fi so in zo da kaina a daidai lokacin, in ce yanzu ne, ya ga Malam ya san teku.

Ranar Talata jirgi ya kama hanyar Jidda tun da asuba. Ranar kuma abokin aikina ya kwanta zazzaɓi, aka haɗa mini ɗakunansa. Kafin azahar ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Wajen sha biyu da rabi na hango Alhaji Manu a saman jirgi, can gefen da babu rumfa, don a nan muka yi zai jira ni. Ya yi wanka, ledarsa a kan cinya. Na ɗaga masa hannu na ce saura kaɗan. Na shiga siton zannuwa in ɗauko tawul. Wurin da sanyi, babu kowa, ga zannuwa jibge masu laushi. Na ce bari in zauna minti goma.

Da na buɗe ido, agogon wayata ya nuna biyar saura kwata.

Na fito da gudu na ci karo da Siddiƙ yana naɗe igiya. Ban ma tambaye shi ba ya ce, "Tun ɗazu. Rabig tana bayanmu da nisa. Ka gaya masa dai ko?" Na ce na gaya masa. Wannan ita ce ƙaryar farko a ranar.

Dattijon yana inda na bar shi. Rana ta juyo ta doke shi, gumi ya jiƙa rigarsa, leɓensa ya bushe. Bai je cin abinci ba don kada in zo in rasa shi. Gefe guda ana ta kiɗa, baƙi suna faɗawa cikin kwamin wanka. Da ya gan ni ya miƙe, fuskarsa ta washe.

"Malam, an zo?"

Tsakanin tambayarsa da amsata ba a fi numfashi ɗaya ba, amma na tuna duk abin da ya bi ta kaina. Na ga teku iri ɗaya ne ko'ina, babu allo, babu gini, ba yadda za a yi ya gane. Na ga idan na faɗi gaskiya sunana na Malam ya mutu.

Na ce, "Yanzu ne, Baba."

Ya shiga wani ɗan ɗaki ya fito cikin fararen zannuwa, kafaɗunsa duk ƙashi. Ya kama ƙarfen gefen jirgi ya fuskanci ruwa. Ban tsaya na ji niyyarsa ba, na ce aiki yana jirana. Ina sauka matakala na ji muryarsa ta tashi da Labbaika, tana rawa, tana ratsa kiɗan.

Mun kwana a tashar Jidda. Ranar Laraba da safe na ɗauko shi zuwa Makka, don hutuna ya kama, sai Alhamis kafin magariba ake son mu koma jirgi. Na sauke shi a masaukin wani mutumin garinsu a Misfala, na raka shi Harami. Rabona da shiga tun kafin in fara aikin jirgi. Ya yi ɗawafi a ƙafa, ya ƙi keke, ya yi sa'ayi yana tsayawa yana hutawa, ni ina biye riƙe da takalmansa. Da aka yi masa aski ya riƙe hannuna biyu ya yi mini addu'ar da Innata ma ba ta taɓa yi mini irinta ba. Ya ce, "Na sauke. Yau zan yi barci." Ni na kasa cewa amin da ƙarfi.

Da yamma na je wurin Hajiya Zulai. Ta zuba mini tuwo na kasa ci. A nan na tarar da Malam Nasiru, wani Bazazzagi da ke karatun addini a Makka, wanda yake zuwa cin tuwo duk Laraba daga unguwar Hindawiyya. Na matsa kusa da shi na ce wani abokina ne a jirgi ya yi kaza da kaza. Ya saurara yana sa loma. Ya ce Umrar ta yi, amma wanda ya ɗaura ihrami bayan ya wuce miƙati, abin da ya karanta shi ne akwai yanka a kansa, a yanka rago a Makka a raba wa mabuƙata.

Na ji sanyi. Na ce, "To ai sai abokin nawa ya sayi ragon ya yanka a madadinsa, shi ke nan, ba sai an tayar wa dattijon hankali ba."

Malam Nasiru ya wanke hannu, ya dube ni. "Yankan ibada ce, ta mai Umrar ce. Ba a yi wa mai rai ibada a ɓoye, sai da saninsa da niyyarsa. Dole a gaya masa." Ya kafe ni da ido. "Abokin nan naka, shi ma ɗan Bichi ne?"

Hajiya tana bakin murhu, ashe tana ji. Ta ce, "Shehin teku. Ya waladi, ni a garin nan aka haife ni, shekara sittin da biyu, in aka tambaye ni hukunci cewa nake a tambayi masu littafi. Kai wata nawa ka yi?" Ta ɗauke kwanon tuwon ta rufe. "Yana nan. In ka gaya masa ka zo ka ci."

Na so in gudu. Jirgi zai tashi, dattijo zai koma Yawuri da farin cikinsa, ba wanda zai sani. Na ma gaya wa kaina cewa tausayinsa nake ji. Amma na san ba shi nake tausayi ba.

Ranar Alhamis da hantsi na same shi a masauki, zaune a kan darduma da shayi da dabino, kansa yana ƙyalli. Yanzu ya gama waya da 'ya'yansa na gida, ya gaya musu an yi wa uwarsu Labbaika a kan ruwa, a daidai wurin. Ya ce, "Malam, zauna, ga shayi."

Na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce, "Baba, ni ba malami ba ne. Bayi nake wankewa a jirgi. Ranar Talata barci na yi a sito. Lokacin da na ce maka yanzu ne, mun wuce wurin da kusan awa uku. Na sani, na yi maka ƙarya." Na gaya masa abin da Malam Nasiru ya ce, Umrar ta yi, sai dai yanka, kuma ni zan kawo ragon in ya yarda.

Ya ajiye dabinon da ya ɗauka. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Can ya ce, "Da ka ce mani ka yi barci, ai ni ma na san barci. Na sha kwana a kwale-kwale har ruwa ya kai ni garin da ban nufa ba." Ya ɗago. "Awa huɗu ina zaune cikin rana ina gaya mata saura kaɗan."

Na sunkuyar da kai.

"Ragon a yanka, tunda masu karatu sun ce. Na yi niyya. Amma ni ba rago na yi mata alkawari ba. Wagga Rabig, mota na zuwa?"

Na ce tana zuwa, tafiyar awa biyu da wani abu ce.

"Akwai ruwa a bakinta?"

"Garin bakin teku ne."

Ya miƙe ya fara naɗe zannuwan ihramin yana sa wa a leda. Ni kuwa, don ku san irin mutumin da nake, ko a lokacin sai da bakina ya ce, "Baba, ga shi kuma jirginmu, kafin magariba ake so..."

"To tafi," in ji shi, bai dube ni ba. "Sunan garin kawai za ka rubuta mani a takarda."

Na tsaya ina kallonsa yana neman takalminsa, mutumin da bai san ko kalmar ruwa ba da Larabci. Na san idan na bi shi, da zuwa da dawowa da ɗawafi, ba zan ga Jidda ranar ba, kuma shugabanmu a jirgi ba ya jin uzuri. Na ɗauki ledar daga hannunsa. Bai hana ni ba, bai kuma gode ba.

Hajiya ta samo mana wani direban tasi da ta sani. Ta cusa mini wani ƙunshi ta ce ihramin marigayi mijinta ne, "Tunda za ka je har can, kada ka dawo hannu rabbana kamar jaki ya kai kaya." Muka kama hanya. Duwatsu baƙaƙe, rairayi, manyan motoci. Wayata ta yi ta ƙara daga jirgi har na kashe ta. Sau ɗaya dattijon ya buɗe baki, ya tambaye ni yaushe rabona da Umra ni da nake zaune a bakin Ɗaki. Na ce tun satin da na zo. Ya ce, "Hm," ya mayar da kai taga.

Mun isa Rabig rana ta take. Direban ya so ya kai mu masallacin miƙati da ke can cikin tudu, dattijon ya ce ruwa. Muka yi wanka muka ɗaura zannuwa a wani ƙaramin masallaci, sannan direban ya gangara da mu wani wuri inda masunta suke ɗaure kwale-kwalensu. Babu kiɗa, babu baƙi, sai ƙarnin kifi da tsuntsaye. Alhaji Manu ya ja numfashi ya ce, "Nan dai mutane ne." Ya cire takalmi, ya tattare zaninsa, ya shiga ruwan har gwiwa. Sannan ya juyo.

"Sabi'u, yanzu ne?"

Ranar ya fara kiran sunana. Na buɗe baki, sai na rufe. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Bari in tambaya."

Na tambayi direban, ya ce nan ne. Ban tsaya nan ba. Na je wurin wani tsoho mai ɗinkin koma, na haɗa ɗan Larabcina, ya ce tun kakanninsa mutanen teku daga nan suke ɗaurawa. Na kunna waya na kira Malam Nasiru, ya ce ya yi, ku yi niyya. Duk wannan dattijon yana tsaye cikin ruwa yana jira, kamar yadda ya jira ni a jirgi. Na dawo na shiga ruwan ni ma, na tsaya a gefensa.

Na ce, "Mutum uku sun ce nan ne. Yanzu ne."

Ya fuskanci teku. A wannan karon ban gudu ba, na ji niyyar. A cikinta dole a ambaci wadda ake yi wa, sai na ji ya faɗi sunan da ya yi shekara arba'in da wani abu yana kauce wa, a hankali, kamar yana tashinta daga barci. Sannan ya ɗaga murya da Labbaika. Mai ɗinkin komar ya ajiye allurarsa ya amsa daga bakin gaɓa. Ni ma na yi tawa niyyar, muryata ba ta fita sosai.

Mun shiga Harami bayan la'asar. Ya ƙi a wanke masa ƙafa, sai alwala. Ina biye da shi a ɗawafi ina kallon ƙwaurinsa, gishirin teku ya bushe a kai ya yi fari, haka ya zagaya da shi sau bakwai. Lokacin da aka kira magariba muna tsakanin Safa da Marwa, na san a Jidda an ɗage matakala.

Aikin jirgi ya tafi. Na koma tukwanen Hajiya, har yau a nan nake, kuma tuwon da ta rufe ranar ta ɗumama mini shi na ci. An yanka ragon ranar Juma'a kafin 'yarsa ta iso. Shi ya gaya mata komai da bakinsa, a gabana, bai ƙara ba bai rage ba. Ta dube ni sau ɗaya, ba ta sake ba. Da za su shiga mota na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce, "In ka gaji ka riƙa cewa ka gaji." Ya shiga, aka rufe ƙofa.

Ban sake jin labarinsa ba, kuma ba ni da fuskar neman lambarsa. Innata ta kira a satin ta ce in sa su a addu'a a gaban Ɗaki, na ce mata na daɗe ban yi ba, amma yau zan je. Ta ce to ka je.

Sunan matar Hadiza. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, ya sa mijinta, ni kuma in da saura.